Damfarar Soyayya a Intanet: Yadda Ake Ƙulla Ta da Hanyoyin Gane Shafukan Bogi

Damfarar soyayya wani nau'in zamba cikin aminci ne da ake ƙullawa ta intanet. Ɗan damfara kan buɗe shafi da suna da hoton da ba nasa ba, ya nemi mace ko namiji da sunan so ko neman aure, ya yi ta lallaɓawa har zuciya ta amince. Daga nan sai ya fara tatsar kuɗi, ko bayanan banki, ko hotunan da zai yi barazana da su daga baya. Ana yin ta a manhajojin neman masoya irin su Tinder da Badoo, ana kuma yin ta a Facebook da Instagram da TikTok da Telegram, har da zaurukan haɗa aure da ake buɗewa a WhatsApp.

Salon damfarar yana sauyawa kusan kowace shekara, amma ginshiƙanta biyu suna nan yadda suke: sirri da gaggawa. Mai yin ta yana buƙatar kada kowa ya san da alaƙar, yana kuma buƙatar a tura kuɗi tun kafin a tsaya tunani. Saboda haka duk matakin da zai shigo da mutum na uku cikin maganar, ko ya jinkirta tura kuɗi, yana karya lagon ɗan damfara.

Girman matsalar

Alƙaluman da suka fi fitowa fili daga Amurka suke, inda hukumomi ke wallafa ƙorafe-ƙorafen da suka karɓa kowace shekara. Hukumar kula da harkokin ciniki ta ƙasar, FTC, ta ce a shekarar 2022 kusan mutum 70,000 ne suka kai ƙarar damfarar soyayya, kuma asarar da suka bayyana ta kai dala biliyan 1.3. A cikin waɗanda suka yi asarar kuɗi, kashi 40 cikin 100 sun ce alaƙar ta faro ne a kafafen sada zumunta, yayin da kashi 19 cikin 100 suka ce ta faro a wani shafi ko manhaja. Ma'anar wannan ita ce, mutum na iya faɗawa tarkon ko da bai taɓa shiga dandalin neman masoya ba.

An daɗe ana danganta wannan laifi da matasan da ake kira 'yan Yahoo a Najeriya, sai dai harkar ta wuce hannun matashi ɗaya da wayarsa. A ranar 10 ga Disamban 2024, Hukumar Yaƙi da Masu Yi wa Tattalin Arziƙin Ƙasa Zagon Ƙasa, EFCC, ta kai samame wani bene mai hawa bakwai a unguwar Victoria Island da ke Legas, ta kama mutum 792 bisa zargin damfarar soyayya da ta kuɗin kirifto. A cikinsu akwai 'yan China 148 da 'yan Filifin 40. Hukumar ta bayyana cewa ana ɗaukar matasan Najeriya aiki ne domin su fara jan hankalin mutane a Amurka da Kanada da Meziko da ƙasashen Turai, idan hira ta yi nisa sai a miƙa ta ga shugabannin gungun su ƙarasa. A shekarar 2025 kuma, rundunar 'yan sandan duniya ta Interpol ta sanar da kama mutum 260 a ƙasashen Afirka 14 kan damfarar soyayya da barazanar fallasa hotuna.

'Yan Najeriya su ma suna cikin waɗanda ake damfara. Kuɗin da ake karɓa a gida bai kai na ƙasashen waje ba, amma ga mai ƙaramin ƙarfi, jarin sana'a ko kuɗin adashi ko gadon marayu shi ne duk abin da ya mallaka. Da yawa kuma kunya kan hana su kai ƙara.

Yadda ake gina shafin bogi

Shafin bogi yana farawa ne da hoto. Ana kwaso hotuna daga shafin wani mutum na gaske wanda bai san ana amfani da fuskarsa ba, kamar soja ko likita ko ɗan kasuwa ko wata mai tallan kaya. A 'yan shekarun nan kuma ana haɗa fuskar da babu mai ita a duniya ta hanyar ƙirƙirarriyar basira. Wata dabarar ita ce sace tsohon shafin wani ko sayensa, a sauya suna da hotuna, domin shafin ya zama kamar ya daɗe kuma yana da abokai.

Bayan hoto sai tarihi. Akan zaɓi sana'ar da za ta ba da uzurin rashin haɗuwa: sojan da ke bakin daga, injiniyan da ke haƙar mai a tsakiyar teku, likitan da ke aiki da Majalisar Ɗinkin Duniya, ko ɗan kasuwar da kullum yake kan hanya tsakanin Dubai da China. Akan kuma haɗa da labarin da zai jawo tausayi, kamar mutuwar mata ko miji da rainon yaro ƙarami. A shafukan Hausa, ɗan damfara kan fito a matsayin Alhaji mai neman ƙarin aure cikin rufin asiri, ko budurwa mai neman miji nagari, ko wani fitaccen mutum. Jaruman Kannywood da mawaƙa sun sha fitowa suna nesanta kansu da shafukan da aka buɗe da sunayensu ana karɓar kuɗi a hannun masoyansu.

Sau da yawa wanda ke bayan shafin mace namiji ne, kuma shafi ɗaya na iya kasancewa a hannun mutane da dama da ke karɓa-karɓa dare da rana, suna bin rubutaccen tsarin hira da aka tanadar musu.

Matakan da damfarar ke bi

Mataki na farko shi ne zaɓen wanda za a damfara. Ɗan damfara yana karanta abin da mutane ke wallafawa, ya gane wadda aurenta ya mutu, da wanda aka yi wa rasuwa, da wanda ya yi ritaya ya karɓi haƙƙinsa, da wadda ke kukan kaɗaici. Da waɗannan bayanan yake ɗinka kansa daidai da abin da mutumin ke nema.

Mataki na biyu shi ne mamaye zuciya. Saƙo da asuba, saƙo da dare, yabo da kulawa ba ƙaƙƙautawa, kuma cikin 'yan kwanaki an ambaci so, cikin 'yan makonni an ambaci aure. A wannan lokacin ne yake neman a bar dandalin da aka haɗu a koma WhatsApp ko Telegram, saboda ya san kamfanin na iya gano shafinsa ya rufe shi. A nan ne kuma yake roƙon a ɓoye maganar, yana fakewa da tsoron mahassada ko bakin mutane.

Mataki na uku gwaji ne. Yakan nemi abu kaɗan, kamar katin waya ko kuɗin data, wani lokaci ma shi ne zai fara aiko da 'yar kyauta ko ya mayar da ƙaramin rancen da ya karɓa, domin a ƙara sakin jiki.

Mataki na huɗu shi ne babbar buƙata, kuma kullum tana zuwa da wa'adi: aikin tiyata gobe da safe, beli kafin dare, kaya za su lalace a tashar jiragen ruwa. Binciken FTC na 2022 ya nuna ƙaryar da aka fi yi ita ce ta rashin lafiya ko rauni ko ɗauri, wadda ta fito a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙorafe-ƙorafen. Idan aka biya, wata matsalar za ta biyo baya. Ba ya tsayawa sai kuɗi sun ƙare ko asiri ya tonu.

Siffofin da ta fi zuwa da su

*Saƙon da ya maƙale.* Masoyin bogi zai ce ya aiko da akwati ɗauke da gwal ko daloli ko kayan lefe. Bayan kwana biyu wani zai kira da sunan jami'in kwastan ko ma'aikacin kamfanin aika saƙo, ya nemi kuɗin fito da kayan. Babu akwatin, kuma harajin gwamnati ba a zuba shi a asusun wani mutum.

*Kuɗin hutu ko kuɗin mota.* Sojan bogi kan nemi kuɗin da zai biya a ba shi hutu ya zo a ɗaura aure. Rundunar sojin Amurka ta sha gargaɗin cewa sojojinta ba sa biyan kuɗi domin samun hutu ko magani. A cikin gida, irin wannan kan zo da sunan kuɗin motar zuwa ziyara, sai a ranar tafiyar a ji labarin haɗari ko rasuwa.

*Zuba jari.* A nan ba a roƙon komai. Masoyin zai nuna yana samun riba a cinikin kirifto, ya yi tayin koyarwa, ya turo adireshin wata manhaja da gungunsu ke juyawa. Manhajar za ta riƙa nuna riba tana hauhawa, har a bar mutum ya cire kaɗan da farko. Ranar da ya nemi cire duka sai a ce sai ya biya haraji, daga nan kuma ƙofa ta rufe.

*Barazanar fallasa.* Ana jan mutum ya aika hoton tsiraici ko ya tuɓe a kiran bidiyo, a naɗa, sa'an nan a yi masa barazanar aika wa iyaye ko miji ko abokan aiki. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Najeriya da ke da alaƙa da wannan laifi. A watan Satumban shekarar, wata kotu a Amurka ta yanke wa wasu 'yan uwan juna biyu daga Legas ɗaurin shekara 17 da rabi kowannensu, bayan barazanar da suka yi ta sa wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ya kashe kansa.

*Aron asusu.* Wani ba kuɗi zai nema ba, zai ce ne a ba shi aron asusun banki a turo masa kuɗi, sa'an nan a tura su gaba. Kuɗin na wani ne da aka damfara. Tun da asusun yana ɗaure da lambar BVN ta mai shi, shi ne na farko da jami'an bincike za su nema, kuma zai iya fuskantar tuhuma a ƙarƙashin dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022.

*Aure ko aiki a ƙasar waje.* Alƙawarin biza da tikitin jirgi na iya zama hanyar karɓar kuɗi kawai, yana kuma iya zama ƙofar safarar mutane, laifin da hukumar NAPTIP ke yaƙi da shi tun kafa ta a 2003.

Alamomin da ke tona shafin bogi

Alama ɗaya ba ta isa hujja ba, amma idan biyu ko uku suka haɗu, akwai dalilin ja da baya.

A jikin shafin, akan ga hotuna kaɗan masu kyau fiye da kima, da yawa an ɗora su a rana ɗaya. Babu hoton biki ko suna ko taron dangi, babu tsofaffin abokan makaranta da ke tsokaci, kuma mabiyan kusan duk jinsi ɗaya ne daga garuruwan da ba su da alaƙa da juna. A Facebook, sunan da ke cikin adireshin shafin wani lokaci yakan saɓa da sunan da ke rubuce a sama, alamar an sauya shi.

A cikin hira, labari kan ci karo da juna, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya ce shi haifaffen wani gari ne sai ya kasa faɗin unguwarsu ko sunan kasuwar garin, ko karin harshensa ya saɓa da na yankin. Mai cewa yana wata ƙasa mai nisa da agogonta ya bambanta da namu sosai sai a ga lokutan barcinsa da tashinsa irin na gida ne. Yana yawan tambaya game da albashi da gida da gado, amma tambayar da aka yi masa sai ya kauce mata.

A wajen kuɗi, sunan asusun da ya bayar yakan bambanta da nasa, ya ce na ƙaninsa ne ko na yaronsa. Yakan kuma fi son hanyoyin da kuɗi ba sa dawowa, kamar kirifto da katin kyauta na sayayya.

Babbar alama ita ce gudun haɗuwa. Kullum kyamara ta lalace, ko wurin aiki ya hana kiran bidiyo, ko tafiya ta taso.

Yadda ake bincike

Hausawa ba su saba ɗaura aure ba sai an yi bincike. Akan tura manya su gano asalin mai nema da sana'arsa da halinsa, a tambayi maƙwabta da mai unguwa da abokan hulɗarsa. Wannan tsohuwar al'ada ita ce mafi ƙarfin kariya a intanet, domin shafin bogi ba shi da unguwa, ba shi da kawu, ba shi da maƙwabci. Mai neman aure da gaske ba ya gudun a san gidansu, kuma ba ya jin haushi idan aka ce ya turo magabatansa. Wanda ya fusata ko ya ɓace saboda an ambaci iyaye ya riga ya ba da amsa.

Akwai kuma binciken da waya ke iya yi cikin 'yan mintuna. Ana iya ɗora hoton mutum a Google Lens ko TinEye a ga sauran wuraren da ya fito. Idan ya bayyana da wani suna daban, magana ta ƙare. Rashin samun komai kuwa ba ya wanke shi, domin hoton da na'ura ta ƙirƙira ba shi da tarihi. Ana iya kwafar wani yanki na saƙonsa a nema a intanet, saboda gungun 'yan damfara suna maimaita kalamai iri ɗaya ga mutane da yawa. Kafin a tura kuɗi, manhajar banki tana nuna sunan mai asusu, sai a gwada shi da sunan da aka sani.

Kiran bidiyo yana taimakawa, musamman wanda aka yi ba shiri kuma aka daɗe ana magana, amma ya daina zama hujjar ƙarshe. A watan Oktoban 2024 'yan sandan Hong Kong sun kama mutum 27 da ake zargi da amfani da fasahar sauya fuska a kiran bidiyo wajen damfarar soyayya, inda asarar ta kai kimanin dala miliyan 46. Saboda haka ƙa'idar da ta rage ita ce mafi sauƙi: kada a tura kuɗi ga wanda ba a taɓa gani ido da ido ba, komai daɗin bakinsa, komai tsananin labarinsa. Haka nan kada a ba shi lambar BVN ko NIN, ko lambobin katin cirar kuɗi, ko lambar sirrin da banki ke turowa ta waya, ko hoton da ba za a so dangi su gani ba.

Tun da so hana ganin laifi ne, yana da kyau tun farkon alaƙa a sanar da wani amintacce, ɗan uwa ko aminiya, a nuna masa hirar. Wanda zuciyarsa ba ta ciki yakan hango abin da mai so ya kasa gani.

Ranar haɗuwa

Ganin mutum a zahiri yana kawar da shakkar shafin bogi, amma yana da nasa haɗarin. A watan Yulin 2012 wasu da suka ƙulla abota da wata ɗalibar digiri na biyu a Facebook suka gayyato ta Legas, suka kashe ta a wani otal da ke unguwar Festac. A shekarar 2017 babbar kotun jihar Legas ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa.

Haɗuwar farko ta kasance da rana, a gidan iyaye ko a wurin da jama'a ke kai-komo, tare da ɗan rakiya. A sanar da na gida wurin da lokacin dawowa. Kada a yarda da ɗakin otal, ko motar da shi ya aiko, ko tafiya wani gari a kan kuɗinsa.

Idan an riga an faɗa tarko

Abu na farko shi ne dakatar da tura kuɗi nan take, ba tare da gaya wa ɗan damfarar an gano shi ba. Kafin a toshe shi, a adana shaidu: hotunan hirar, lambobin waya, adireshin shafin, lambobin asusu da rasit na kowane kuɗi da aka tura.

Sai a tuntuɓi banki cikin gaggawa, domin ana kwashe kuɗin damfara zuwa wasu asusun cikin ƙanƙanin lokaci, kuma damar riƙe su tana raguwa da kowace sa'a. Idan bankin bai ɗauki mataki ba, ana iya kai kuka sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya. Ana kai ƙara ofishin EFCC mafi kusa ko ta manhajarta ta Eagle Eye, ko Cibiyar Yaƙi da Laifukan Intanet ta Rundunar 'Yan Sandan Najeriya da ke Abuja. A kuma kai rahoton shafin ga kamfanin da ke da dandalin, a sauya kalmomin sirri.

Ga wanda ake yi wa barazanar fallasa, biyan kuɗi ba ya kashe maganar, ƙara buɗe ƙofar neman wasu yake yi. Abin da ya dace shi ne a daina amsawa, a adana saƙonnin, a gaya wa wani babba, a kai ƙara. Iyaye kuma su karɓi yaron da ya zo da irin wannan labari da natsuwa, domin tsoron faɗa da tonon silili shi ne makamin da mai barazanar ya dogara da shi.

A yi hattara da damfara ta biyu. Bayan asara, wani kan bayyana da sunan lauya ko jami'in tsaro ko gwanin kwamfuta, ya yi alƙawarin dawo da kuɗin idan aka biya shi wani abu. Sau da yawa gungun farko ne suka dawo da wata riga. EFCC ba ta karɓar kuɗi kafin ta saurari ƙorafi.

Abin da doka ta tanada

Lambar 419 da aka san 'yan damfara da ita ta samo asali ne daga sashe na 419 na kundin dokokin manyan laifuka da ake aiki da shi a kudancin Najeriya, wanda ya haramta karɓar dukiya ta hanyar yaudara. Kundin Penal Code na jihohin Arewa shi ma ya haramta cuta da yin sojan gona. Dokar yaƙi da zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba kuma bai wuce 20 ba, babu zaɓin tara, ga wanda aka samu da laifin karɓar dukiya da ƙarya. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta satar bayanan wani da yin sojan gona da sunansa a intanet.

A gaban doka, wanda aka damfara mai ƙara ne, kuma shaidar da ya adana ita ce abin da masu bincike ke bi su kai ga asusun da kuɗin suka shiga. Ɗan damfara ɗaya yakan riƙe mutane da dama a lokaci guda, don haka ƙarar da mutum ɗaya ya kai da wuri tana iya tsayar da kuɗin da wasu ke shirin turawa.